Kibiya ɗaya da baƙin akwati kawai nake nema

Abin da ya jawo min wannan yawon duka alat ne na naira dubu 15. Ni ne ma'ajin ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, kuma har yau ba mu da akawun na ƙungiya, shekara ta uku kenan ana cewa za a buɗe, to duk wanda zai biya kuɗin wata ko gudummawar biki akawun ɗina yake turowa, ni kuma in ɗauki sikirinshot in sa a guruf don kowa ya gani ya shaida. Dama abin da nake yi shi ne kafin in tura sai in buɗe hoton a waya in ɗauki alƙalamin nan baƙi in goge wurin balans da lambar akawun da yatsa, in bi sau uku sau huɗu har ya yi baƙi ƙirin, shikenan in tura hankalina kwance.

Ranar nan bayan isha'i ina zaune ƙofar gida a Mabera, zafin watan Afrilu ya hana shiga ɗaki, babu wuta, na tura alat ɗin kamar kullum. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga saƙo daga wani ɗan ajinmu da muke kira Injiniya duk da bai taɓa shiga ajin injiniya ba. Hotona ne ya dawo min da shi, amma ya ƙara masa haske har ƙarshe, baƙin nan ya koma toka-toka, ga balans ɗina nan zaune ana karantawa har da kobo. A ƙasa ya rubuta, "Ma'aji, ashe kai ma talaka na irinmu. Wanga abu da ka yi ba ka ruhe komi ba hwa." Wallahi sai da gumi ya ƙaru. Ba talaucin ne ya dame ni ba, kowa ya san halin da ake ciki, abin da ya tayar min da hankali shi ne kuɗin da ke ciki bai kai abin da ƙungiya ta tara ba, saboda da rana na cire na kai wa mai hayar rumfa da kujeru na walimar da za mu yi. Da a guruf ya saka hoton, da na kwana ina rantsuwa da neman rasit. Allah Ya saka masa da alheri a sirri ya turo.

Daga baya na gane kuskuren nawa ne. Alƙalamin da nake ɗauka ba na rufewa ba ne, irin makar nan ce (marker) ta haskaka rubutu, an yi ta ne don a riƙa hango abin da ke ƙasa, in ka zaɓi baƙi ka maimaita ido zai ga kamar ya rufu amma rubutun yana nan, ƙarin haske kawai ake buƙata.

Ga kuma Kawu. Kawu ɗan fansho ne, yana can wajen Ƙofar Atiku, ya sayi babbar waya yana so ya riƙa turan kuɗi da kansa ba sai ya aiki yaro wurin mai POS ba. Sai in ɗauki hotunan matakan in zagaye wurin da zai taɓa da yatsana in tura masa. Zagayen nawa kuwa kamar ƙwai ya faɗi ya fashe, rabi a kan wannan maɓalli rabi a kan na kusa da shi. Sai ya bugo waya, "Kai yaro, wanga zane naka mi shike nunawa? Na sama za ni taɓawa ko na ƙasa?" In ce Kawu na ƙasa, ya ce to mi ya sa ka zagaye na sama.

Shi ne na zauna na ce bari in nemi abu ɗaya a laftof da zai yi min aiki huɗu kacal. In yanke hoto, in sa kibiya miƙaƙƙiya, in yi ɗan rubutu ko lamba, in rufe abin da ba na so a gani rufewa ta gaskiya. Ban ce ina so in canja wa mutum fuska ba, ban ce zan yi katin biki ba. Laftof ɗin tawa tsohuwar HP ce, Windows 10, RAM 4GB, in rana ta take fankarta kuka take kamar injin niƙa, don haka duk abin da zan sa dole ya zama mara nauyi. Data kuma daga waya nake ba ta, kowane MB ina jin sa a jikina.

Farkon abin da na yi shi ne abin da kowa ke yi, na rubuta a Google. Na buɗe wani shafi da ya yi alkawarin kyauta, maɓallin daunlod kore har guda huɗu a shafi ɗaya, uku talla ne, na huɗun ma ban tabbata ba. Na sauke na sa, na gyara hoto ɗaya lafiya lau, da na zo sebin sai ga tambarinsu ƙato a tsakiyar hoton, wai in ina so a cire in biya dala. Kuma ya canja min shafin farko na burauza ba tare da na ce ba. Na cire shi a daren. Na biyu ba ya buƙatar saukewa, a intanet ake yi, amma sai ka loda musu hoton tukuna, sai na tsaya da maus a hannu na ce tsaya, ni da nake gudun mutum ɗaya ya ga balans ɗina shi ne zan ɗauki hoton gaba ɗaya ba a rufe ba in miƙa wa mutanen da ban san ƙasarsu ba? Na rufe shafin. Wannan ita ce dokar da na sa wa kaina tun daga nan, duk abin da ya shafi banki ko NIN ko takardar wani, a cikin kwamfutata za a gyara shi, ba ya fita.

Washegari na bi ta wurin yaron da ke yi min gyara a kasuwa, na faɗa masa matsalata. Bai ma bari na ƙarasa ba ya jawo filash, "Yallaɓai Photoshop za ni sa maka, shi ab babba." Na ce nawa ake biya, ya yi dariya ya ce wanga ba a biya. To ni na san Adobe tun 2013 suka koma tsarin biya wata-wata, duk wanda ka gani a filash kyauta fasasshe ne, kuma Allah kaɗai Ya san abin da aka cusa a ciki, a kan laftof ɗin da nake shiga banki da ita. Ban da haka ma, ina ni ina Photoshop don kibiya ɗaya, kamar mutum ya ɗauko tirelar siminti daga Kalambaina don ya kai buhun albasa ɗaya gida. Na yi masa godiya na wuce.

Sai GIMP, wanda kusan duk inda ka duba shi ake ambata in an ce kyauta. Kuma gaskiya kyauta ne na halal, babu tambari babu talla, wasu ɗalibai biyu ne suka fara shi a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1995 kuma har yau ana ci gaba da shi. Na jira har dare ya raba na sauke, ya haura MB 200. Da ya buɗe sai na ga tagogi da ƙananan alamomi birjik, na shiga neman kibiya, na neme ta sama da ƙasa babu. Ashe babu wani maɓalli da za ka taɓa ka ja kibiya kai tsaye, ko akwati ma sai ka zaɓi wuri tukuna sannan ka ce a zana layi a gefensa ko a cika shi da launi. Kuma in ka gama, sebin na yau da kullum fayil ɗinsa na kansa yake ba ka, in hoto kake so sai ka bi ta wata hanyar fitarwa daban. Ba laifin GIMP ba ne, an yi shi ne don masu aikin hoto na gaske, ni ne na shiga babban kanti neman ashana. Na bar shi kwana biyu don tausayin datar da na kashe sannan na cire.

A nan ne ƙanwata da ke karatu a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta ce min, Yaya wai me ya hana ka amfani da Paint. Na ji kunya kaɗan, don Paint yana cikin Windows tun 1985, da shi muka koyi riƙe maus, amma raini ya sa ko tunaninsa ban yi ba. Kuma wallahi ya yi kusan komai. Ka danna maɓallin Windows da Shift da S tare, allo ya yi duhu, ka ja wurin da kake so, ka buɗe Paint ka danna Ctrl da V. Akwai yankewa, akwai siffofin kibiya, akwai rubutu, akwai akwati da za ka ce a cika shi da baƙi tsantsa. Na yi sati ina aiki da shi. Abin da ya gajiyar da ni ɗaya ne, a Paint na Windows 10 da zarar ka ajiye kibiya ko rubutu ka taɓa wani wuri to ya manne da hoton kamar fenti a bango, ba ka iya ɗaga shi ka matsar, sai dai ka koma baya da Ctrl da Z ka sake. In hoto ɗaya ne ba komai, amma hotunan Kawu guda takwas ne kowanne da kibiya da lamba. Na Windows 11 an ƙara masa hawa-hawa a 2023 yadda kowane abu zai zauna a shimfiɗarsa, amma laftof ɗina ba ta cika sharuɗɗan hawa 11 ba, ita da 10 mutu ka raba, duk da Microsoft sun daina ba shi sabuntawar kyauta ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Wannan wata damuwa ce daban.

Paint.NET ma na gwada, yana da kyau sosai, tsaka-tsaki ne tsakanin Paint da GIMP, layinsa ana sa masa kan kibiya. In za ku nema ku lura adireshin shafinsu getpaint.net ne, a can kyauta ne, na cikin Microsoft Store kuma na kuɗi. Sai dai shi ba ya ɗaukar hoton allo, gyara kawai yake, ni kuma na fara kwaɗayin abin da zai haɗa biyun. ShareX ya haɗa, kyauta ne, amma abubuwan da ke cikinsa sun fi ƙarfin buƙatata, har bidiyo yake ɗauka, kuma an gina shi ne da tunanin mai son loda hoto a intanet ya samu linki nan take, to ni da wannan dokar tawa sai na ga kullum zan zauna cikin fargabar ko na bar wani saiti a kunne.

Greenshot na samu a ƙarshe, kuma da na ga girman fayil ɗin sai da na sake dubawa ko na sauke daidai, 'yan MB kaɗan ne, kafin in kurɓi shayi ya gama. Kyauta ne a Windows, na Mac ne ake saya. Wurin sa shi yana nuna maka jerin ƙarin abubuwa, irin su turawa Imgur, wani shafin loda hotuna a intanet, da sauransu, duk na cire musu alama na bar gundarin kawai. Da na gama sai ya fito da gargaɗi wai wani ya riga shi kama maɓallin Print Screen, na yi ta mamaki, ashe ShareX ne na manta ban cire ba yana zaune a ɓoye kusa da agogo. Na cire shi na sake kunna laftof, magana ta ƙare.

Yadda yake aiki shi ne, ba ya buɗe wata babbar taga, ɗan koren alama ne kawai a ƙasa kusa da agogo. Ka danna Print Screen, ka ja wurin da kake so da maus, har da ɗan madubin ƙara girma yana bin ka don ka tsaya daidai bakin layi, kana saki sai ya tambaye ka ina za a kai, ka ce a buɗe a wurin gyara. A can in ka danna A kibiya ce, R akwati, T rubutu, C yankewa, H haskakawa. Abin da ya sa na ce na iso gida shi ne duk abin da ka ɗora yana nan a matsayin abu mai zaman kansa, ka sa kibiya ka ga ta karkace sai ka kama ta ka gyara, ka canja mata launi, ka ƙara mata kauri, ko bayan ka ɗora wasu abubuwa goma. Sannan akwai ɗan da'ira mai lamba, ka taɓa nan ya rubuta 1, ka taɓa can ya rubuta 2 da kansa, kamar don Kawu aka yi shi. Hotunan da na ɗauka a waya kuma sai in jawo su laftof da kebul, in danna dama a kan koren alamar in ce a buɗe hoto daga fayil.

Yanzu maganar rufe sirri, wadda ita ce asalin tafiyar. Greenshot yana da abin dusashewa a harafin O, yana mayar da rubutu hazo-hazo ko ƙananan murabba'ai irin wanda ake yi wa fuska a labaran talabijin. Yana da kyan gani, kuma da farko shi na fara amfani da shi, har na tura wa Injiniya don in burge shi. Ya ce min wannan ya fi na da amma kar in saki jiki. Na bincika na ga gaskiyarsa, a 2022 wani kamfanin tsaron kwamfuta mai suna Bishop Fox ya fitar da wata manhaja, Unredacter, don kawai ya nuna ana iya dawo da rubutun da aka yi wa murabba'ai. Dabarar ba sihiri ba ce, manhajar tana gwada haruffa ɗaya bayan ɗaya tana dusashe su irin yadda ka yi, tana kwatantawa da naka har ta dace. Lambar akawun kuwa ta fi sauƙi, lambobi 10 ne kuma kowanne daga 0 zuwa 9, ga rubutun banki iri ɗaya ne kullum. Don haka na bar dusashewa sai ga abin da ba shi da hatsari, kamar hoton fuskar wani a gefen hira. Lamba, balans, suna, adireshi, duk akwati nake ja da R, in cika shi da baƙi, in tabbatar launin a cike yake ba mai hangen ƙasa ba. Ba shi da kyau a ido, kamar an liƙa baƙin salatif, amma babu abin da ya rage a ƙasa da za a tono. In ma abin a gefe yake, yanke shi nake gaba ɗaya.

Yankewar ma akwai labari a kanta. A watan Maris na 2023 an gano wata matsala da aka sa wa suna aCropalypse, a wayoyin Pixel na Google da kuma abin yanke hoto na Windows, inda in ka yanke hoto ka yi sebin a kan tsohon fayil ɗin, ragowar tsohon hoton na nan maƙale a ƙarshen fayil, mai wayo zai iya dawo da wani ɓangare na abin da ka yanke. Sun toshe matsalar a watan, amma ni dai na ɗauki ɗabi'a, ba na sebin a kan na asali, sabon suna nake ba shi, in buɗe sabon in duba da idona, sannan in tura. Greenshot ma yana da nasa nau'in fayil da ke ajiye kibiyoyi da akwatuna yadda za ka dawo ka matsar da su gobe, yana da amfani in aikin bai ƙare ba, amma wannan ba na turawa ba ne, wanda ya buɗe shi ɗaga akwatin kawai zai yi. PNG nake fitarwa, shi ya fi riƙe rubutu tsaf, JPG yana sa gefen haruffa ya yi dishi-dishi. Kuma in hoton yana da ƙananan rubutu, a WhatsApp ta hanyar dokumen nake tura shi don kar a matse shi, ko da yake wa Kawu ban yin haka, don in ya ga fayil maimakon hoto sai ya bugo ya ce ba a turo komi ba.

Na sake yi masa hotunan nan takwas ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, kowanne da jar kibiya ɗaya mai kauri da lamba a da'ira, na rubuta "taɓa nan" da manyan baƙaƙe, wurin lambar sirri kuma na rubuta "kar ka faɗa wa kowa, har ni". Minti ashirin ya ɗauke ni. Da la'asar sai ga alat na naira 500 daga Kawu, sai ga kira. "To ka gani? Ta shigo?" Na ce ta shigo Kawu. Ya ce, "Awo, gwaji na ni yi, maido min abina."

Alat ɗin ƙungiya na gaba da ya shigo na ja masa baƙaƙen akwatuna biyu na sa a guruf, na kuma tura wa Injiniya shi kaɗai na ce bismilla, gwada. Ya yi shiru wajen rabin awa. Da ya dawo bai ce komai a kan hoton ba, tambaya ya yi wai nawa ya rage a biya mai rumfa.